Gadon Da Ba A Rabawa A Gaban Alƙali

'Yan'uwa ɗalibai da sauran masu karatu, kowa ya san al'adarmu ce idan mai gida ya riga mu gidan gaskiya, bayan an share makoki akan zauna a ƙididdige abin da ya bari. Akan lissafa gida da gona da kuɗi da tufafi da littattafai, a biya bashi, a fitar da wasiyya, sa'an nan a kira malami ko a tafi gaban alƙali domin a ba kowane magaji rabonsa kamar yadda shari'a ta tsara. To, amma akwai wani gadon da ba ya shiga wannan lissafi, alhali kuwa an riga an raba shi tun mamacin yana raye, tun ma magadan suna cikin ciki. Wannan shi ne gadon jini, watau abin da ɗa yake ɗaukowa daga uwa da uba na kama da tsawo da launi da murya, har da sauƙin kamuwa da waɗansu cututtuka. Ciwon sukari yana cikin manyan cututtukan da kan bi wannan hanya, kuma ɓarnar da yake yi wa gidajenmu na cikin birni ba ƙarama ba ce.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, tun daga watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka ba Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira maikro-RNA, magana ta yawaita a ɗakunan karatu cewa wata rana za a ɗebi jinin saurayi lafiyayye a faɗa masa ko ciwon mahaifinsa yana tafe gare shi. Waɗansunmu sun yi ta murna kamar an riga an gama aiki, waɗansu kuwa sun ce wannan harkar Turawa ce, babu ruwan talakan Kano da ita. Mu dai muna ganin ɓangarorin biyu duka sun yi gaggawa. Ra'ayinmu shi ne, wannan sabon ma'auni abin neman sani ne, kuma wajibi ne a gwada shi a kan jininmu, da hannun masananmu, bisa yardar jama'armu. Amma kafin ya nuna, akwai tsohon ma'auni a hannunmu wanda ba ya bukatar ko kwabo, mun kuwa yi watsi da shi, watau sanin tarihin lafiyar danginmu.

Darasi daga Kabara

Bari mu ɗauki unguwar Kabara misali, ba don ciwon ya fi yawa a can ba, sai don darasin da ke cikin tarihinta. Unguwar tana daura da Gidan Sarki, ta kuma samo sunanta daga Malam Umaru Kabara, wanda asalinsa daga Kabara ne, mashigin jiragen ruwa na birnin Tambutu. Daga zuriyarsa aka sami Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya wanda ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi. A irin wannan unguwa ta ilimi, almajiri yakan iya jero maka salsalar malamansa, wane ya karɓa daga wane, har ta dangana da Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza. Tsofaffin mata kuwa, a nan da sauran unguwannin cikin ganuwa, sukan warware maka dangantakar gidaje goma ba tare da sun duba takarda ba: wance 'yar wane ce, ta auri wane, suka haifi su wane.

Jama'ar da ke da irin wannan ƙwaƙwalwa ta nasaba, ai bai kamata a ce ta jahilci abin da ke gudana a cikin jininta ba. Amma tambayi ɗalibi ɗan birni abin da ya yi ajalin kakansa, amsar da za ka ji ita ce, “kwana ne ya ƙare,” ko “gajeruwar rashin lafiya.” Haƙiƙa kwana ne ya ƙare, babu mai musun wannan. Sai dai sau da yawa a bayan wannan amsa akwai gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ko ido da ya dushe tun mutum bai tsufa ba, ko ƙoda da ta daina aiki, ko yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama waɗanda aka ɗora wa sammu ko shawara ko basir. Mun kiyaye sunayen kakanni, mun binne labarin cututtukansu tare da su, saboda kunya da kara da gudun abin da maƙwabta za su ce. Wannan shirun kuwa jikoki ne suke biyan kuɗinsa.

Yadda ciwon yake, da rabon gado a cikinsa

A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce take fitar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne buɗe wa sukarin da ke cikin jini ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki a yi amfani da shi. A cikin kowane mutum 10 masu ciwon sukari, kimanin 9 suna da nau'i na biyu ne, inda jiki yake daina sauraron insulin sannu a hankali, gaɓar kuma ta yi ta ƙoƙari har ta gaji. Wannan gajiya takan ɗauki shekaru tana tafiya ba tare da mutum ya ji ko ciwon kai ba. Shi ya sa Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, a ƙididdigarta ta 2021, ta ce a cikin manya miliyan 24 da ke da ciwon a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, fiye da rabi ba su san suna da shi ba.

A nan gida, binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 1992 ya nuna kashi 2.2 cikin 100 na manyan Nijeriya ne ke da ciwon. A 2018 kuwa, Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi da abokan aikinsa, suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan suka sami kashi 5.77 cikin 100, watau wajen mutum miliyan 11. Arewa maso yamma ce ta fi ƙarancin adadi da kashi 3 cikin 100, amma kada wannan ya sa mu saki jiki, domin lissafin ya haɗa ƙauye da birni, zaman birni kuwa yana cikin abubuwan da binciken ya nuna suna ƙara hatsari.

Rabon gado a cikin wannan al'amari sananne ne. A garin Framingham na Amurka, inda aka fara bin lafiyar mutanen gari tun 1948, aka kuma ci gaba da 'ya'yansu, an bayyana a shekarar 2000 cewa wanda ɗaya daga cikin iyayensa ke da ciwon, hatsarinsa ya ninka na sauran mutane kamar sau 3 da rabi, wanda kuwa uwa da uba duka suke da shi, sau 6. Amma fa a lura, abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa, ciwon kansa sai ya sami mataimaki. Kakanninmu sun ɗauki wannan jini, amma sun ci tuwon dawa da na gero, sun yi tafiyar ƙasa daga Kabara zuwa Kurmi ko Ƙofar Mata, matansu sun yi daka da niƙa da surfe. Mu kuwa mun koma ga farar shinkafa da taliya da burodi, shayi sai ya yi kauri da sukari, fura da kunu da zoɓo ma ba su tsira ba, lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo, Adaidaita Sahu kuma yana jiranmu a bakin lungu. Jinin bai sāke ba, zaman ne ya sāke. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mene ne maikro-RNA?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani, a cikin kusan kowace ƙwaya kuma akwai kundi guda na umarni, shi ne ake kira DNA, rabinsa daga uwa, rabinsa daga uba. Kundin ba ya barin ma'ajiyarsa. Idan ana bukatar wani aiki, sai a kwafi shafin da ya dace a kan wata 'yar wasiƙa, a aika da ita wurin da ake ƙera furotin, shi kuwa furotin shi ne ma'aikacin jiki. Maikro-RNA wani ɗan guntun zare ne mai haruffa kamar 22 kacal, aikinsa shi ne ya tare wasiƙar a hanya, ya manne mata, ya hana a karanta ta ko ya sa a yayyaga ta. Ta haka ne jiki yake rage ƙarfin wani umarni a wata gaɓa, ya bar shi a wata, ko da yake kundin iri ɗaya ne a hanta da ƙwaƙwalwa da tsoka.

A jikin wata 'yar tsutsa wadda tsawonta bai wuce milimita 1 ba aka fara gano shi a 1993, mutane da yawa kuma suka ɗauka abin na tsutsa ne kawai. A shekarar 2000 aka gano na biyu, aka kuma tarar yana jikin dabbobi iri-iri har da ɗan Adam. Yanzu an san mutum yana da fiye da iri 1000. A 2004 masu bincike a birnin New York suka nuna cewa ɗaya daga cikinsu, mai lamba miR-375, yana zaune a ƙwayoyin da ke yin insulin, yana kuma daidaita yadda suke fitar da shi. A 2008 aka tabbatar cewa waɗannan 'yan zare suna yawo a cikin jini ba tare da sun lalace da wuri ba, domin suna tafe ne a cikin 'yan ƙunshi ko a manne da furotin. Daga nan sai tunani ya zo: ashe ana iya ɗibar jini a hannu a ji labarin abin da ke faruwa a can cikin gaɓoɓi.

Binciken da ya fi jawo hankali shi ne wanda aka buga a 2010, wanda masana na Landan suka yi a kan jinin mutum fiye da 800 na garin Bruneck da ke arewacin Italiya. Sun tarar miR-126, wanda ke da hannu a lafiyar jijiyoyin jini, ya ragu a jinin masu ciwon sukari. Abin da ya fi wannan, da suka koma ga jinin da aka adana na waɗanda sukarinsu yake daidai a lokacin ɗiba amma suka kamu a cikin shekara 10 da suka biyo baya, sai suka ga canjin ya riga ciwon bayyana. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wadda ba za ta yi kyau ba ma haka ne. Amfanin wannan ga mai gadon ciwon a fili yake. Kundin DNA yana faɗin abin da ka gada ne, ba ya kuwa canzawa daga haihuwa zuwa mutuwa. Maikro-RNA kuwa yana hawa yana sauka, saboda haka ana fatan ya nuna ko gadon yana barci ko ya fara motsi.

Mu ma muna da dalili na musamman na son sabon ma'auni. Gwajin nan na HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata 2 zuwa 3, ya dogara ne a kan jajayen ƙwayoyin jini, yakan kuma ba da amsa maras daidai ga mai ƙarancin jini ko mai ɗauke da jinin sikila. A Nijeriya kuwa kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da jinin AS.

Me ya sa ba mu rangaɗa guɗa ba tukuna?

Dalili na farko, har yanzu maikro-RNA ba ya cikin ma'aunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a tabbatar da ciwon sukari da su. Waɗanda suka kamu daga baya a binciken Bruneck ba su kai 20 ba, ba a kuwa gina hukunci a kan mutum 20. Duk wanda ya zo unguwa yau da wata na'ura yana karɓar kuɗi da sunan zai duba maka wannan a jini ya faɗa maka makomarka, to ka riƙe aljihunka.

Dalili na biyu ya fi nauyi. A 2021 masu bincike na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu suka auna wannan miR-126 ɗin a jinin mutum fiye da 1200, sai suka tarar ya ƙaru ne ga waɗanda sukarinsu ya fara hawa, alhali a Italiya raguwa aka gani. Ko bambancin daga jama'ar ne, ko daga irin jinin da aka auna da yadda aka sarrafa shi, darasin guda ne: mudun wata kasuwa ba lalle ne ya yi awo a Kurmi ba. An san cewa idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe sukan zubar da nasu maikro-RNA su dagula awon. To, ina ga ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sikila suke farfasa waɗannan ƙwayoyi dare da rana? Wannan tambaya ba Baturen Landan ne zai amsa mana ita ba.

Tarihin binciken gado ma ya isa ya farkar da mu. Mafi yawan mutanen da aka yi nazarin DNA ɗinsu a duniya 'yan asalin Turai ne. Babban binciken ciwon sukari na Afirka ta Yamma wanda Farfesa Charles Rotimi ya jagoranta ya ɗebi mutanensa ne a Ikko da Badun da Inugu da Akara da Kumasi. Shi ne ya taimaka aka tabbatar a 2007 cewa ƙwayar gado mai suna TCF7L2 tana ƙara hatsarin ciwon ga baƙar fata kamar yadda take yi ga Turawa, a 2019 kuma, bayan an haɗa da mutanen Kenya, aka gano wata mai suna ZRANB3 wadda binciken Turai bai taɓa nunawa ba. Wannan abin alfahari ne, amma a duba jerin garuruwan nan da kyau, babu Kano, babu Katsina, babu Sakkwato. Idan ba mu tashi ba, za a ƙera ma'aunin gobe babu jinin Bahaushe ko Bafillace ko Babarbare a cikinsa, sa'an nan a kawo mana shi mu saya da tsada.

Dalili na uku shi ne kuɗi da kayan aiki. Awon maikro-RNA yana bukatar firjin da ke riƙe sanyi na digiri 80 ƙasa da sifiri, da na'urar PCR, da sinadarai na ƙasashen waje, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Awon sukari na yatsa kuwa ɗigon jini guda ne da 'yan daƙiƙoƙi. Rashin adalci ne a yi ta yi wa talaka kirarin na'urar gobe alhali ta yau ba ta iso ƙofar gidansa ba.

Abubuwa biyu da muke tsoro

Na farko shi ne tabo. A 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin jinin sikila. Wannan yana da hujja, domin lissafin sikila a bayyane yake: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da hatsarin 1 cikin 4. Ciwon sukari nau'i na biyu ba haka yake ba. Ɗaruruwan wurare ne a cikin kundin gado suke haɗuwa, kowanne da ɗan ƙaramin tasirinsa, sa'an nan abinci da ƙiba da zama su cika sauran. Muna tsoron ranar da za a fasa auren yarinya saboda wata takardar awo, ko a riƙa nuna wani gida da baki ana cewa “gidan masu sukari ne.” A unguwar da kowa ya san kowa, aure kuma yakan zagaya tsakanin dangi, irin wannan magana takan bi zuriya har jikoki. Idan sani zai zama abin gori, mutane za su ƙara ɓuya ne, ciwon kuma ya ƙara samun duhun da yake so.

Na biyu shi ne amana. Kanawa ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan rauni yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka duk mai son ɗibar jinin jama'a domin bincike, ko ɗan gida ne ko baƙo, sai ya shigo ta zaure, ya yi sallama, ya faɗi gaskiya.

Akwai kuma masu cewa neman sanin ciwon da bai zo ba shisshigi ne a cikin ƙaddara. Muna girmama masu wannan damuwa, amma likita ba duba yake yi ba. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa bai yi da'awar sanin gaibu ba, alama ya gani ya yi aiki da hankali. Malamanmu kuwa sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Kuma an tabbatar gadon nan yana jin magani. A binciken da aka buga a Amurka a 2002, mutanen da sukarinsu ya fara hawa, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, masu shan ƙwayar metformin kuwa da kashi 31. Minti 150 a mako, ai minti 30 ne a kwana 5.

Abin da muke kira a yi

Na farko, kowane ɗalibi da ke karanta wannan mujalla ya rubuta salsalar lafiyar gidansu idan ya je hutu. Ya durƙusa gaban Hajiya ko Inna ko Gwaggo, domin su ne ma'ajiyar labarin gida, ya tambaya cikin ladabi: a cikin kakanni huɗu, da iyaye, da baffanni da kawunnai da gwaggwanni, wa ya yi ciwon sukari, yana da shekara nawa ya same shi, wa aka yanke wa ƙafa, wa ya makance, wace ce sukarinta ya hau sa'ad da take da juna biyu ko ta haifi jariri mai girman gaske? A rubuta, a adana a gida, a nuna wa likita kaɗai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu, duk wanda ya sami ciwon a jikin uwa ko uba ko ɗan'uwa shaƙiƙi, kada ya jira alama. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka tun 2022 ta ba da shawarar kowa ya fara awo daga shekara 35, mai ƙiba da ke da gadon ciwon kuwa tun kafin nan. Awon da aka yi bayan awa 8 ba a ci kome ba, idan ya kai 7.0 a ma'aunin milimol, watau 126 a ma'aunin miligiram, aka kuma maimaita a asibiti ya tabbata, to ciwo ne. Daga 6.1 zuwa 6.9 kuwa gargaɗi ne, a nan ne kuma gyara ya fi sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya 'yan'uwanmu masu karatun likita da jinya da kimiyyar gwaje-gwaje, ƙarƙashin kulawar malamansu, su nemi izinin masu unguwanni da limamai su kai awo cikin birni. Babu lokacin da ya fi dacewa kamar bayan sallar Asuba, kafin karin kumallo, domin a sa'an nan kowa ya cika sharaɗin awon ba tare da an wahalar da shi ba. 'Yan'uwanmu mata su shiga cikin gidaje da makarantun Islamiyya, don kada a bar iyayenmu mata a baya. Taron Maukibi da ake yi kowace shekara a watan Rabi'ul Sani yana tara dubban jama'a daga ciki da wajen ƙasar nan. Rumfar awo da wayar da kai a gefen irin wannan taro, da yardar shugabanninsa, za ta isar da saƙo inda takardar gwamnati ba ta zuwa. Wanda aka ga nasa ya hau, a haɗa shi da Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kada a bar shi da tsoro kawai.

Na huɗu, muna kira ga jami'o'inmu da Gwamnatin Jiha su kafa bincike mai dogon zango a cikin birnin Kano. Abin da ya ɗaukaka Framingham da Bruneck, garuruwan da ba su kai ko kusa da Kano ba, shi ne haƙurin bin mutane ɗaya shekara da shekaru da adana jininsu. Unguwanni irin su Kabara, inda akan sami kaka da ɗa da jika a gida guda, nasaba kuma a kiyaye take, suna da abin da masanan duniya ke nema ruwa a jallo. Annobar korona ta 2020 ta sa an kafa ɗakunan gwajin PCR a Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, an kuma horar da ma'aikata. Wannan ƙwarewa ita ce tushen awon maikro-RNA. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyar, a gindaya sharuɗɗa tun kafin a ɗebi ɗigo guda. A yi bayani da Hausa, a rubuta takardar yarda da boko da ajami, wanda ya ƙi a ƙyale shi, wanda ya shiga ya so fita a sallame shi. Kada a fitar da jinin kowa ƙasar waje sai da saninsa da rubutacciyar yarjejeniya. A mayar wa kowa sakamakon da zai amfane shi, shi kaɗai, ba surukai ba, ba mai ɗaukar aiki ba, a kuma yi aiki da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Malamai da masu unguwa da wakilan mata su zauna a kwamitin sa ido, da ikon tsayar da aiki idan an kauce.

'Yan'uwa, talakawan da suka biya harajin da aka gina ɗakunan karatunmu ba su aiko mu jami'a don mu haddace sunayen sinadarai mu koma muna yi musu Turanci ba. Sun aiko mu ne mu ɗauko abin da zai amfane su, mu tace, mu kawo musu cikin harshen da suke ji. Maikro-RNA yana iya zama ma'aunin 'ya'yanmu idan mun yi aikin da ya kamata, amma iyayenmu da yayyenmu da ke da shekara 40 a yau ba za su iya jiran sa ba. Su abin da suke bukata shi ne tambaya guda a tsakar gida, da ɗigon jini guda a yatsa, da ɗa mai ilimi wanda zai raka su asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya sa iliminmu ya amfani jama'a. Wassalam.